Ramin Yashi a Gonar Gwaggo Zakiyya

Yau kwana tara ke nan da saukar ruwan shuka, kuma kwana tara ke nan Gwaggo Zakiyya tana buɗe tukunyar iri, ta leƙa, ta mayar da murfi. Kaf Unguwar Ɗorawa babu wanda bai yi shuka ba. Masarar Malam Ɗanjuma, maƙwabcinta na gona, har ta ɓullo ta yi kunne biyu. Ita kuwa irinta yana nan kwance cikin toka kamar an ba shi hutu. Abinci ba ya shiga mata, in ta tayar da sallah sai ta rasa raka'a ta nawa take.

Ba rashin gona ba ne. Gona tana nan bakin titin Bakori, wadda mahaifinta ya bar mata, wadda mijinta marigayi Malam Hussaini ya shekara ashirin yana kai wa taki a kan jaki, har ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Daga ita ake cin tuwon gidan, tun daga kaka har wata kakar. Sai dai yau in ka je, abin da za ka tarar a cikinta shi ne rami mai faɗin ɗaki uku, da gora a tsaye ba tuta, da kwaɗi.

Wanda kuma ya yi mata wannan aiki, ba ta da bakin yi mashi magana. Ɗan farinta ne.

Haladu sunansa, amma shekara talatin da huɗu wannan suna bai taɓa fita daga bakin Gwaggo ba. Haka ta taso ta ga ana yi: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zama hira da shi, ba a dubansa ido cikin ido. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, shi ya sa ma yake ce mata Gwaggo kamar kowa. In magana ta zama dole, sai ta juya wajen akuyarta Kyalla, da ke ɗaure kusa da turmi, ta faɗa mata abin da take son ya ji. Kyalla ce ta uku a wannan aiki. Uwarta ta yi, kakarta ta yi.

Bayan kaka ne ya dawo daga Kaduna, inda ya yi wata bakwai. Ya sauko daga mashin ɗin haya da farar hana-sallah, safar hannu guda ɗaya, manjagara a kafaɗa, da wata sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai. Ƙanwarsa Raudatu, wadda ke aure bayan masallaci tana sana'ar suyar gyaɗa, ta shigo yi mashi sannu da zuwa.

"Yaya, ina ɗaya safar? Ko a mota aka zare?"

"Ƙauyanci dai bai yi ba. Guda ake sawa. Kuma daga yau Injiniya za ki riƙa ce mani."

"Injiniyan me?"

"Golf. Ƙwallon lambu, in ji 'yan rediyo."

Ya gyara zama a kan turmi ya fara bayani, da ƙarfi yadda Gwaggo da ke tsintar wake a ƙofar ɗaki za ta ji. Wai wani makeken fili ne mai ciyawa shar, inda manyan mutane ke buga 'yar farar ƙwallo da sanda, suna bin ta a ƙafa har ta faɗa wani ɗan rami mai tuta. Amma a kan hanya akan haƙa manyan ramuka a cika su da yashi, don su kama ƙwallon wanda bai iya ba. Waɗannan ramukan yashin su ne zuciyar wasan, kuma da suka lalace a filin Kaduna, shi aka nemo ya sake gina su.

"Duk babban mutumin da ya faɗa rami a Kaduna bana," in ji shi, "ramina ya faɗa."

"Tsaya, Yaya. Wato da gangan ake haƙa rami don a wahalar da mai arziki?"

"Kuma ya fito yana godiya."

"Ikon Allah. To mu nan ai kyauta muke faɗawa namu a kan titi."

Bai kula ta ba. Ya ce ya yi lissafi, daga Funtua zuwa Malumfashi akwai alhazan auduga da na hatsi da ba su ƙirguwa, duk sun yi tumbi, likita ya ce su riƙa tafiyar ƙafa, amma girma ya hana su. Abin da suka rasa shi ne wurin da za su yi tafiya da sanda a hannu ba a ce sun tsufa ba. Sai ya juyo, ya durƙusa.

"Gwaggo, gonar bakin titi nake so ki ara mani."

Gwaggo ta ajiye waken. Ta dubi akuya.

"Kyalla, ki gaya wa masu neman gona, gona ba tabarma ba ce da ake ara a naɗe a maido."

Shi ma ya dubi akuya. "Kyalla, ki gaya wa Gwaggo rani ne, gona tana kwance ba ta aikin komai. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar zan maido mata abinta, har ta fi yadda take."

Gwaggo tana da "a'a" a bakinta, cikakkiya, amma yaya za ta jefa wa ɗan fari ita a gaban ƙanwarsa? Tana cikin neman hanyar da za ta zagayo da ita, sai Kyalla ta ɗaga kai ta ce mee.

"Alhamdu lillahi! Na gode, Gwaggo," in ji Haladu, ya saɓi manjagara ya fice.

Cikin mako ya kira gayya. Ita kuwa gayya, mai gona ke ciyar da ita, don haka Gwaggo ta wuni tana tuƙa tuwon masu ɓata mata gona. Majiya ƙarfi talatin suka zo da diga da shebur, har da makaɗi. Haladu ya zagaya da hannu a baya, ya tsaya a kusurwar gabas, inda ƙasa ta fi baƙi, ya ja layi da sandar ƙarfensa.

Malam Ɗanjuma, wanda ya yi shekara arba'in yana noma a gefen wurin, ya gyara murya. "Haladu, nan fa shi ne gangaren gonar. Duk damina nan ruwa ke kwanciya."

"Baba Ɗanjuma, noma daban, ilimi daban. Ruwa ai bawa ne. Inda aka nuna mashi nan yake bi."

"To. Ni dai a shekaruna ban ga ya yi wa kowa biyayya ba."

Haladu ya ce a haƙa, ya tafi bakin titi yana tare masu mashin yana yi masu bayani. Abin da bai faɗa ba shi ne zurfin da yake so, wato iya gwiwa. Ku kuwa kun san gayya. Kalangu na tashi, makaɗi na kiran sunan kowa da na ubansa, wa zai fara ajiye diga a ce shi ne rago? Samarin Gabas suka ce sai sun wuce na Yamma. Ko da Gwaggo ta iso da ƙwaryar kunu a ka, ba ta ga mutane ba, sai ƙasa da ke tashi sama. Takin shekara ashirin an watso shi waje, an binne shi da jar laka. Ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta suɓuce.

Haladu ya dawo ya leƙa. Ramin ya shanye mutum tsaye har da ɗaga hannu. Ya taɓa hularsa.

"Madalla," ya ce. "Haka ake yin su a ƙasashen waje."

Sai dai ko a ƙasashen waje, ramin da ya wuce kai dole a cike shi ya dawo gwiwa. A Kaduna ya ga ana shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, a kwantar da bututun da zai janye ruwa, sannan a zuba yashi. To ina tsakuwar da za ta cika rijiya? Ya je injin casa a Bakori ya roƙo ɓuntun shinkafa, ya bi gida-gida yana tara totuwar masara. Kwana goma baro na zirga-zirga.

"Yaya, rami kake ginawa ko dusar shanu kake haɗawa?" in ji Raudatu.

"Tsakuwa tsohon yayi ce. Wannan fasaha ko Turawa ba su kai gare ta ba."

"Na yarda. Allah bai jarrabe su da ita ba."

Ya kawo dogon bututun roba, ya sa bakinsa ɗaya a can ƙasan ramin, ya ja ɗayan har kwalbatin bakin titi. Malam Ɗanjuma ya zo ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya dubi nan, ya dubi can.

"Haladu, kamar kwalbatin nan ya fi ramin tudu."

"Idon tsufa ne, Baba."

"To a zuba bokiti guda mana, mu ga inda zai nufa."

"Injiniya ba ya gwaji a gaban jama'a. Idona shi ne ma'auni."

Aka binne bututu.

Sai batun ciyawa. Wata safiya Gwaggo ta je gonar tsintar kara, ta tarar da shi a durƙushe yana dasa wani abu layi-layi, da kulawa kamar mai dashen albasa. Ta matsa ta duba. Kirikiri! Ciyawar nan mai sarƙa da ko ka ƙone ta sai ta dawo, wadda Malam Hussaini ya yi shekara bakwai yana tonowa da hannu, saiwa-saiwa, har bayansa ya ranƙwashe. Daga makabarta aka ɗebo ta, buhu shida. Gwaggo ta juya ta koma gida ba karan, ta tsaya a kan akuya.

"Kyalla, ashe akwai ranar da za a yi wa kirikiri ban ruwa a gonar Malam Hussaini? Ashe zan ga wannan rana da idona?"

Haladu da ya biyo ta shan ruwa ya amsa daga bakin randa. "Kyalla, ki kwantar wa Gwaggo da hankali. Wannan ciyawar a Kaduna da takalmi na musamman ake taka ta."

Kullum safe da yamma yana jan jarkoki daga rijiya. Kirikiri kuwa ba ta taɓa samun gata irin wannan ba, ta miƙe ta yi shar. Ana tsakiyar bazara, daga Bakori har Danja babu wani kore a ƙasa sai wannan. Wanda ya fara yabawa shi ne Jibo, Bafillacen da ke da ruga a bayan gari. Haladu ya dawo daga sallar azahar ya tarar da shanu ashirin a kan filin, wani bijimi yana susar wuya da goran tuta.

"Jibo! Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Wallahi Injiniya, ba ni na kawo su ba, su suka kawo ni. Amma sun yaba. Allah Ya ƙara ilimi."

Masu wucewa suka tsaya kallo. Haladu ya dubi filin da ya zama ramukan kofato da kashin shanu, ya dubi jama'a, ya ce ai dama lokacin aski ya yi, kuma shi ya tsara a yi shi da shanu, don inji yana ɓata saiwa. Washegari Jibo ya dawo da na ƙanensa ma, tunda an ce taimako ne.

Daga nan yashi ya iso, tifa biyu daga gulbi. Nan kam, a faɗi gaskiya, ya iya. Ya tankaɗe shi da rariya har ya yi fari sol, laushi kamar gari, ya baje shi a kan ɓuntu, ya bi da manjagara yana zana layuka masu kyau kamar kitso. Duk wanda ya gani sai ya ce lallai yaron nan ya riƙe manjagara a Kaduna.

Raudatu ce ta fara zuwa da ɗan kwano. Duk mai suyar gyaɗa ta san sirrin yana cikin yashin da ake zubawa a kasko, ga kuma tankaɗaɗɗe an ajiye a fili. Gyaɗarta ta ranar ta fito jawur, babu ƙuna ko ɗaya. Kafin Juma'a labari ya gama gari. Da yake matan Unguwar Ɗorawa masu ladabi ne, babu wadda ta ɗiba ba izini. Wajen mai gona suke zuwa.

"Gwaggo, a taimaka mani da ɗan yashi."

"Ɗibi, 'yar nan. Wannan ɗan kwanon me zai yi maki? Ga daro can."

Wannan ne kaɗai lokacin da aka ga Gwaggo tana murmushi a duk ranin. Daga masu gyaɗa sai masu gurjiya, sai masu wankin tukwane, sai kwamitin masallaci da ke son yin shafe, wanda ko Haladu bai isa ya hana ba. Ya kafa allo ya rubuta gargaɗi, aka ɗauke allon aka rufe akurki da shi. Yashin da ya kai tsawon hannu ya dawo bai fi yatsa huɗu ba. Ya bi da manjagara ya sake yi mashi kitso.

"Sirara ake yayi yanzu," ya ce.

Ya sa ranar buɗewa, Asabar. Ya hau mota har Malumfashi ya gayyato Alhaji Lawal, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da aka ce ya iya wasan, a can Abuja yake bugawa. Aka aro kujeru, aka kafa rumfa, aka sanar da mai unguwa.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci gabas ta haɗe. Kafin la'asar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, irin wanda manomi ke tona ƙasa bayansa ya ga danshi ya wuce tsawon hannu. Ruwan shuka. Gwaggo ta fito tsakar gida, ƙamshin ƙasa ya bugi hancinta, ta ɗauko tukunyar iri.

"Kyalla, ruwa ya sauka. A tuna wa masu alkawari."

"Kyalla, gobe kaɗai. Jibi Gwaggo ta shuka abin da take so."

Ya ruga gona, Gwaggo ta bi bayansa daga nesa da mayafi a ka. Ko'ina taɓo, ko'ina ruwa kwance. Amma ramin yashi yana nan lumui, fari, ko ɗigo bai tsaya a kai ba. Haladu ya cire hula ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku zo ku ga ilimi! Baba Ɗanjuma, ina ruwan da ka ce zai kwanta?"

Malam Ɗanjuma ba ramin yake kallo ba. Titi yake kallo. Shekara da shekaru, duk ruwan farko sai kwalbatin nan ya cika ya tumbatsa ya shafe titi, mota ta tsaya. Yau ga shi wayam.

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan," ya ce a hankali. "Ina ya tafi?"

Asabar da hantsi gari ya ɗage shuka zuwa azahar, don ba a barin irin wannan kallo. Maza a rumfa, mata a gindin ɗorawa, Gwaggo a can bayansu. Malam Ɗanjuma ya zo da shanun huɗarsa a ɗaure da garma, don daga nan gonarsa zai wuce. Haladu ya sha fararen kaya tun daga sama har ƙasa, ya riƙe lasifika, ya yi jawabin da ya kai ga ambaton ranar da jiragen sama za su riƙa sauka a Bakori.

Alhaji Lawal ya fito daga mota da jakar sanduna, dattijo mai fara'a. Ya dubi filin, ya dubi kashin shanu, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Sannan ya dubi mai masaukinsa.

"Samari, tun ranar da ka zo gidana nake cewa kamar na san fuskar nan. Ka taɓa zama Kaduna?"

Haladu ya ja hana-sallah har kan hanci. "Alhaji, ai an ce a Abuja kake bugawa."

"Da can. Yanzu Kaduna ta fi mani kusa."

"Bismillah, Alhaji, rana na yi."

Alhaji ya ajiye ƙwallo, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ta tashi sama, mata suka yi guɗa, ta sauko tsakiyar ramin yashi. Ta zauna. Sai kuma, kowa na kallo, ta fara nutsewa a hankali, har yashi ya rufe a kanta.

"A'a," in ji Alhaji. "Shekara talatin ina wasan nan, ban taɓa ganin rami ya haɗiye ƙwallo ba. Ni kam ba na shiga."

"Tsoro ne na wanda bai saba da na zamani ba," in ji Haladu a lasifika. "Jama'a, ku matso. Yanzu zan nuna maku yadda ake fitar da ƙwallo daga yashi."

Ya karɓi sanda, ya ja da baya, ya taho da gudu, ya daka tsalle ya dira a tsakiya da ƙafa biyu.

Ƙarar da ta tashi irin ta tuwo ce in ya fara tafasa. Duk ruwan titin Bakori na jiya, ashe ta bututu ya gangaro ya shige ƙarƙashin ramin, ɓuntu ya sha ya ƙoshi, yashi ya rufa asiri daga sama. Haladu ya nutse har gwiwa.

"Kun gani?" ya ce. "Yashi mai kyau shi ne mai karɓar ƙafa."

Ya kai cinya. Totuwa ta fara ɓullowa ta ko'ina kamar kawunan kifi, wani tsami ya bugi rumfa, mai unguwa ya toshe hanci da rawani.

"Da gangan ake yin haka, don mai bugu ya samu gindin tsayuwa."

"Yaya, gindin naka ma ya tafi!" in ji Raudatu.

Ya yunƙura zai ɗaga sanda, ya kai ƙugu, hula ta faɗi. Alhaji Lawal ya leƙa fuskar da kyau, ya tafa hannu.

"Na tuna! Kai ne mai manjagara! Jama'a, yaron nan share yashi yake yi mana, kuma wallahi ya iya. Rana ɗaya tak mai aikin bututu ya tafi jana'iza ya bar mashi haɗi guda. Da damina ta zo, sai da muka yi wata biyu agwagi na iyo a rami na bakwai. Ashe nan ka dawo?"

Rumfa ta kece. Wani ya faɗo daga kujera, mata suna riƙe juna, Jibo ya jingina da sandarsa yana share hawaye. Haladu yana ta cewa wancan ma ba a fahimci tsarin ba ne.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Gwaggo ba hula take kallo ba, ba Alhaji ba. Taɓon take kallo, ya wuce ciki, ya kai ƙirji, ya taɓa hammata, kuma babu wanda ya motsa. Ta waiga neman Kyalla. Kyalla tana gida. Ba ta san sa'ad da ta ratsa mata ba, ba ta san sa'ad da mayafi ya faɗi ba.

"Haladu! Haladu, saki sandar nan ka buɗe hannuwanka! Ku ciro mani ɗana!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Tsofaffin mata suka kama baki. Shi kansa Haladu ya daina bayani, karo na farko tun dawowarsa, ya buɗe hannuwa yana kallon ta.

Malam Ɗanjuma ya kwance garma, ya jefa igiya, Haladu ya zura ta ƙarƙashin hammata. Aka kora shanu. Suka ja, ramin ya ja, suka ja, sai ga Injiniya ya fito da ƙarar cire ƙafa daga laka, ya taho a kan ciki har gefen kirikiri. Wando da takalma da sandar Alhaji kam ramin ya riƙe. Raudatu ta cire jar tuta daga gora ta miƙa mashi, ta ga ba za ta isa ba, ta ƙara da gyalenta. Haka ya ratsa gari zuwa gida.

To, kwana takwas ke nan da wannan. Yashin ya rufta, ramin ya zama tafki. Direbobin Funtua suna tsayawa su yi wa Gwaggo godiya, wai titi ya daina cika. Jibo yana shayar da shanu safe da yamma. Kirikiri ta sha ruwan sama ta cinye sulusin gona, tana neman sauran. Matan gari kuwa ba zancen rami suke ba, ba na wando ba. A gidan suna, a bakin rijiya, zance ɗaya ne: Zakiyya ta kama sunan ɗan fari, sau biyu, a gaban maza, kai ba mayafi. Wata tsohuwa ta zo takanas ta tambaye ta ko lafiya.

Rabin gonar na yamma yana nan, ba a taɓa shi ba. In aka yi huɗa aka shuka, zai ba da tuwon wata shida, wataƙila bakwai. Malam Ɗanjuma ya aiko cewa gobe da hantsi kaɗai shanunsa ke da sarari, daga nan an kama su aiki a Danja har mako uku, lokacin kuwa shuka ta wuce.

Ɗazu da safe Haladu ya shigo da sabuwar hana-sallah, ya durƙusa. Ko kallon akuya bai yi ba.

"Gwaggo, tunda yanzu kina kiran sunana, ba sai mun wahalar da Kyalla ba. Kin san duk filin golf na gaske sai da tafki? To tafki ya samu, wanda ko na Kaduna bai kai shi ba. Abin da ya rage ramin yashi ne. Rabin nan na yamma nake so ki ara mani. Kaka na yi in maido maki."

Gwaggo ta buɗe baki. "A'a" tana nan, ta cika mata ƙirji. Ta dubi fuskarsa, ta tuna ta a cikin taɓo, ta tuna tsohuwar da ta zo tambayar lafiya. Abin da ya fito shi ne, "Kyalla..." Ita kuwa Kyalla ta ɗaga kai ta fara shirin buɗe baki, sai da Gwaggo ta yi wuf ta cusa mata dusa. Ya ce ba komai, zai dawo gobe da sassafe jin amsa, ya riga ya yi wa makaɗin gayya magana.

To jama'a, ku da kuka yi karatu kuka ga duniya, ku ba baiwar Allah nan shawara. Ta sake kama sunan nan, ta dube shi ido cikin ido ta ce a'a, gari ya ƙara samun abin faɗa har ta mutu? Ko ta riƙe mutuncinta ta bi ta wajen akuya, alhali an ga yadda akuyar nan ke isar da saƙo? Don Allah kada a ce a bari a yi tunani. Gobe da hantsi shanu za su wuce, dusar ta kusa ƙarewa, ga tukunyar irin nan a gefena. A gefenta, nake nufi. Me za ta yi?